Yadda Na Zaunar da Kaka a Bencin Baya

Garwa, ranar Juma'a bayan azahar

Yaya Iliya,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Allah ya kai ka makarantar fastoci lafiya, ya tsare motar da za ka shiga ran Litinin, ya raba direbanta da gyangyaɗi da gaggawa, ya haɗa ka da abokan ɗaki masu tsoronsa. Amin.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni ce na raba Kaka da coci. Ba ciwon mantuwa ba ne ya hana ta zuwa, ba kuma zuciyarta ce ta juya ba kamar yadda kake tsoro. Ni ce, Hannatu, kuma na yi wata biyar ina kallonka kana neman dalili alhali dalilin yana zuba maka abinci.

Na san ba tsari ba ne ƙanwa ta zauna tana yi wa wanta nasiha. Da Kaka tana yadda take a da, ita za ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ta kira ka, kamar yadda ta yi wa Kawu da zai tafi aiki Banyo, ta jera masa kurakuranta ɗaya bayan ɗaya har kununsa ya huce. Ita ta rene mu tun rasuwar Mama, haƙƙinta ne. Amma yau da safe ma sai da ta tambaye ni ko kai baƙo ne. Baba yana kan hanya da motar auduga, kuma ka san nasiharsa ba ta wuce "ka kula da kanka". To ni na rage. Ba ni da kurakuran Kaka, sai nawa, kuma duk a kanta na yi su.

Bari in fara da ƙaramin. Ranar da likita ya ce abin da ke damunta mantuwar tsufa ce wadda ba ta komawa baya, na ji da kunnena amma ban yarda ba. A littattafan soyayyar da nake saye a kasuwa, mutum kan yi haɗari ya manta kowa, ya shekara uku yana yawo da wani suna, sai wata rana ya ji ƙamshin wani turare, komai ya dawo masa a shafi guda. Na karanta irin wannan ya fi sau biyar. Sai na ɗauka Kaka ma abin da take jira ke nan, kuma ni ce zan samo shi. Na riƙa kawo mata hoton Mama ina cewa wace ce wannan. Ta duba, ta dube ni, ta yi murmushin ɗan makarantar da bai yi aikin gida ba. Rannan dai ta ajiye hoton ta ce, "Ki gaya mini mana, tunda kin sani."

Haka ake yi mata a bakin coci bayan sujada, kuma ina tsaye ban taɓa hanawa ba. Mata su zagaye ta, kowace ta riƙe hannunta ta ce, Mama Tabita, wace ce ni? Da ƙauna suke yi, amma jarrabawa ce, mutum goma a jere, kuma tana faɗuwa a kowace. Mama Lidiya shugabar zumuntar mata kaɗai ba ta yin haka. Ita sai ta fara da gaisuwar Fillanci ta ce, "Jam na, Tabita. Ni ce Lidiya, wadda kika koya wa kiɗan tulu kina dukan hannuna." Sai Kaka ta yi dariya ta ce ai hannun ne ba ya ji. Ko ta tuna ko ba ta tuna ba, ban sani ba, amma tana tafiya gida da kanta a ɗage. In ka samu ikilisiyarka, ka koya wa mutanenka wannan. Kowa ya faɗi sunansa da kansa, ba ya rage masa komai.

Na biyu ya faru ne wata Lahadi kafin damina. Kana waje da yara a gindin mangwaro, ba ka gani ba. Muna zaune a wurinta na kullum, benci na biyu gefen taga, inda matan zumunta suke ajiye tulun kiɗa. Fasto yana wa'azi da Faransanci, ana juyawa da Fillanci. Faransancin Kaka dama bai taɓa wuce gaisuwa ba, Fillancin ma ya soma zubewa, abin da ya rage mata sai yarensu na mutanen dutse da Hausar waƙoƙin da ta koya tana budurwa can wajen Mora. Wato awa guda tana zaune cikin maganar da ba tata ba. Ni kuma ina gefenta amma ba na nan. A zuci ina ɗaura wa kaina aure a cikin cocin, na gama zaɓen zanen ƙawaye, ina shawarar ko a sa furanni a bakin kowane benci. Da na dawo hayyacina, Kaka tana gaba.

Farin ƙyallen teburin Jibin Ubangiji ne ya karkace, ita kuma shekara talatin ita ke shimfiɗa shi. Ta je ta gyara. Fasto yana tsaye ya tare gefe guda, sai ta ce masa, "Matsa kaɗan, ɗana." Ya matsa, ya ci gaba da wa'azinsa. Yara suka yi dariya, 'yan matan lise, makarantarmu ta sakandare, su ma suka rufe baki da littafin waƙoƙi. Na tashi na je na kama zanenta na ja ta kamar akuya ta shiga gonar mutane. Yanzu da na duba, ba wanda abin ya dama a cocin nan sai ni. Ƙyallen kuwa ya miƙe.

Idan tsohon da ke fama da wannan ciwo ya tashi tsakiyar sujada, Yaya, ka dubi inda ya nufa kafin ka sa a riƙe shi. Sau da yawa aikinsa na da ne yake kiransa. Da na kai ta da wuri ta shimfiɗa ƙyallen da hannunta kafin mutane su shigo, da ta zauna hankalinta kwance.

Sai babban. Wannan lokacin ka tafi Bibemi taya mai bishara aiki, wata uku ba ka nan. Na yi tunani na ga mafita mai sauƙi: mu zauna a baya, kusa da ƙofa, in ta motsa mu fita ba wanda ya gani. Har na yaba wa kaina hankali.

Ka fi ni sanin abin da bencin ƙarshe yake nufi a cocinmu, amma bari in rubuta, domin ni da na sani na yi kamar ban sani ba. Wanda dattawan ikilisiya suka sa ƙarƙashin horo saboda wani laifi, nan yake zama. Ba ya cin Jibin Ubangiji, mace ba ta ɗaura zanen zumunta, har ranar da Fasto zai kira sunansa a gaban jama'a ya ce an karɓe shi, mata su yi guɗa. A wurinmu matasa, bencin nan kuma wurin 'yan makara ne da masu neman iska. A wurin Kaka ma'anarsa ɗaya ce tak.

Da muka shiga ta nufi gaba, na riƙe hannunta na ce yau a nan za mu zauna. Ta ce ba nan ba ne wurinta. Na ce na sani, a dai zauna. Ta dubi bencin, ta dubi gaban coci inda dattawa suke jere, ta zauna a hankali. A gefenmu akwai Marta, wadda aka sa horo saboda dafa giyar bilbil. Ka san bakin Marta. Ta leƙo ta ce, "A'a, Mama Tabita, ke ma an kawo ki ajinmu? Me kika dafa?" Wasa take yi, ta ma matsa mana wuri. Kaka ta gyara mayafinta. Ta sunkuyar da kai, kuma har aka tashi ba ta ɗaga ba. Waƙoƙin da take bayarwa mata suna amsawa, ko leɓenta bai motsa ba.

A kan moto, babur ɗin haya, muna komawa, tana tsakanina da mai moton, ta juyo da kai ta tambaye ni wa ya kai ƙararta wurin dattawa. Na ce ba kowa. Ta ce to me ta yi. Na ce ba ta yi komai ba. Muna wucewa ta karfur, mahaɗar tituna, ta sake tambaya, na sake amsawa, na ce a raina kafin mu ci abinci ta manta.

Lahadi ta zagayo na sake kai ta bencin nan. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Na ga yadda ta yi a karon farko, na ji tambayarta, amma abin da na riƙe shi ne ba ta tashi ba, ba ta yi magana ba, ba wanda ya yi dariya. Shirun ya yi mini daɗi. Na zauna na yi mafarkina daga farkon wa'azi har ƙarshe ba mai katse ni. Ka kiyayi shirun irin waɗannan tsofaffi, Yaya. Za ka tsaya a gaba ka ga ikilisiya tsit ka ce komai na tafiya daidai. Ka sauko ka dubi fuskokin.

Lahadi ta uku ranar Jibi ce. Dattijon da ke rabo ya iso bencinmu, ya tsallake Marta bisa ƙa'ida, ya miƙa wa Kaka faranti. Ta cusa hannuwanta cikin mayafi ta girgiza kai. Ya jira. Ya sake miƙawa, ta ce masa ai ya sani. Ya dube ni, ni kuma na dubi siminti. Rabin coci ya juyo ya gani.

Da muka isa gida ta cire zanen zumunta ta ninke shi da kyau, ta ba ni ta ce in mayar wa Lidiya, ba ta da ikon riƙe shi yanzu. Na karɓa na tura ƙarƙashin katifata wurin littattafaina. Tun daga ranar, in na ce ta shirya mu tafi coci, sai ta ce sai an karɓe ta.

Ga abin da likita bai gaya mana ba. Bencin ta manta shi tuni. In ka tambaye ta inda ta zauna ba ta sani ba, Marta ma ba ta san da ita ba. Amma ta san ta yi laifi, wannan bai goge ba, kuma tunda ba ta tuna laifin sai ta shiga nemansa. Ta je ta roƙi maƙwabciya gafara kan kazar da ta mutu tun muna firamare. Ta tambaye ni ko ta taɓa dukan Mama fiye da kima. Wata rana tana tsince yakuwa ta ce ko saboda tukunyar kakanni ce da mahaifinta yake ajiyewa a kan dutse, ita dai ba ta taɓa zuba mata komai ba tun da aka yi mata baftisma. Na ce mata ba a sa ta horo ba, ni ce na yi kuskure. Ta dube ni da tausayi ta ce, "Yarinya ba ta cire horo. Wanda ya sa shi ke cirewa, a gaban jama'a." Na faɗa mata ya fi sau ashirin. Amsar ba ta canjawa. Kada ka taɓa cewa ba komai, ai za su manta. Abin da aka yi musu yana tafiya, zafinsa yana zama.

Sai ka dawo daga Bibemi ka tarar ba ta zuwa. Ka tambaye ni, na ce Kaka ta ce ba za ta je ba. Kowace kalma a ciki gaskiya ce, amma ƙarya na yi maka. Na ga ka zauna gabanta kana karanta mata ayoyi. Na ji ta ce maka ba ta cancanta ba, kai kuma ka amsa yadda aka koya maka, cewa dukanmu masu zunubi ne. Ta gyaɗa kai, domin a kunnenta ka tabbatar mata ke nan. Na ga ka yi azumin kwana uku. Ni na dafa kunun da ka sha ruwa da shi, na ce maka sannu.

Da abin ya tsaya a gidanmu, wataƙila da na ci gaba da yin shiru. Amma makon jiya a bakin famfo na ji mata biyu na cocinmu suna magana, ba su lura ina bayan katanga ba. Ɗaya ta ce tsohuwa ba ta kai kanta bencin horo haka kawai, ta kuma ƙi Jibi da bakinta, zuciyarta ce ta kama ta. Ɗayar ta ce dama waɗannan da ke magana su kaɗai, in ka bincika akwai abin da suka ci, ta kuma ambaci rasuwar Mama. Ba ta furta kalmar ba, amma maita take nufi. Na cika bokitina na wuce ta gabansu, na gaishe su, suka amsa da fara'a.

Wannan ma ka riƙe. A ikilisiyar da za a ba ka, za a kawo maka tsohuwa ana cewa a yi mata addu'ar fitar da aljanu, ko a ce ta tona kanta. Kafin ka ɗaga murya a kanta, ka tambayi wanda ke kwana ɗaki ɗaya da ita tun yaushe ta fara ɓata hanyar gida, ka ce a kai ta asibiti. Kuma ka faɗi sunan ciwon daga kan bagade, ƙarara, kamar yadda ake faɗin hawan jini. Abin da Fasto bai ambata ba, bakin famfo ne ke raɗa masa suna.

Sannan ka tambayi mai jinyar sau biyu. Mama Lidiya ta zo gidan nan wata Alhamis da tulunta, kana wurin taron matasa. Ta zauna ta fara kiɗa, Kaka ta ɗauki waƙa ta kai ta ƙarshe, baiti biyar, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba, har tana harararta in ta yi saurin hannu. Da aka gama Mama Lidiya ta ce to sai Lahadi, Kaka ta ce sai an karɓe ta. Mama Lidiya ta juyo ta ce, Hannatu, akwai abin da ya faru ne? Na ce lafiya lau, na ce tukunyata tana kan wuta. Da ta biyo ni kicin ta sake tambaya, da na faɗa. Ba laifinta ba ne. Amma irinmu ba ma amsawa a karon farko, ba kuma a gaban manya ba. Wanda ke kawo irin wannan tsoho coci sau da yawa yarinya ce da ba ta san abin da take yi ba, tana jin kunya, tana kuma jin kunyar kunyar da take ji.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Ran Lahadin nan, wato jibi, za a yi maka addu'ar sallama, za a kira ka gaba, kuma gobe da yamma za ka je wurin Fasto ku shirya. Yana jin maganarka. Ka gaya masa duk wannan. Kada ya ce an karɓi Mama Tabita kawai, domin na bakin famfo za su ce to ga shi, ashe da laifin. Ya fara gaya wa jama'a cewa ba a taɓa sa ta horo ba, jikarta ce ta zaunar da ita a baya don jin kunya. Ya faɗi sunana in ya ga dama, ai kowa ya san jikar. Bayan haka ya sauko da kansa, ya yi mata magana da Hausa, a hankali, ya kira sunanta, ya kama hannunta ya kai ta benci na biyu, matan zumunta su yi mata guɗa. Idan kai ka ce mata Fasto ne ke kiranta, za ta shirya, ba ta taɓa ƙin kiran Fasto ba. Zanen yana nan, zan wanke shi in goge.

Ba na yi maka alkawarin za ta warke. Mai yiwuwa ran Litinin ta sake cewa sai an karɓe ta. In haka ne, sai a samu wanda zai riƙa tarar ta a ƙofa kowace Lahadi ya ce mata wurinta na jiranta, har abada in ya kama. Ina dai zaton tunda zafin ya zauna ba tare da ta tuna sanadinsa ba, sanyin ma zai iya zama. Zato ne kawai. Wanda na tabbatar shi ne sunanta zai wanku, kuma ba za ka tafi kana tunanin ta bar Ubangiji ba.

Allah ya sa ka gama karatu lafiya, ya ba ka ikilisiya mai haƙuri, ya ba ka haƙurin da ya fi nata. Ya kiyaye ka daga zazzaɓi da ruwan baƙon wuri. Ka riƙa cin abinci ko ba ya yi maka daɗi. In ka kira waya, ka fara faɗa wa Kaka sunanka. Ubangiji ya tsare fitarka da dawowarka, ya dawo mana da kai ka same mu da rai. Amin.

Ƙanwarka,
Hannatu

Na riga na ninke takardar nan, na sake buɗewa. Niyyata in tura ta cikin jakarka tsakanin rigunan da na goge, ka gan ta bayan ka wuce Ngaundare, ka yi fushinka a can nesa, kafin hutu fushin ya huce. Da na sake karantawa na ga in na yi haka, Lahadi ta wuce ke nan, Kaka tana gida, ni kuma na faɗi gaskiya a lokacin da ba za ta amfani kowa ba. Ga ka can a tsakar gida kana wanke takalminka, Kaka tana gaya maka ba haka ake yi ba. Ba zan iya tsayawa kana karantawa ba, zan ce za ni niƙa. Amma a hannunka zan sa ta, yanzu.